Aron Fata

Irmiya Ɗanbaba mai fentin mota ne. Sana'ar da ya koya ke nan a Fanteka ta Kaduna, ita ce kuma ta kai shi Dubai, wani gareji a Ras Al Khor inda ake tayar da motocin da suka yi karo. A fasfo an rubuta Jeremiah, amma ba mai kiransa haka sai ma'aikatan filin jirgi. Mutumin Wusasa ne, gajere, mai faɗin kafaɗa, magana ba ta dame shi ba. Ya bar matarsa Rosaline a Sabon Tasha da 'yarsu Hefziba, tana da shekara uku.

Bai daɗe da zuwa ba kasuwa ta faɗi. A 2009 mutane suka riƙa barin motocinsu a filin jirgi suna gudu, wanda ya gudu kuwa ba ya kawo mota fenti. Wata safiya ma'aikata suka tarar da kwaɗo a ƙofar gareji. Wasu suka yi ta buga waya, wasu suka yi ta zagi. Irmiya ya sami tsohuwar taya ya zauna.

A layin akwai wata ƙaramar ƙofa da kullum take rufe. Wani tsoho ɗan Caina yakan fito daga ciki ya sha taba, ya tsaya yana kallon Irmiya yana goge ƙofar mota da samfefa da ruwa. Ran nan tsohon ya zo, ya kama hannun Irmiya, ya juya shi, ya dudduba tafin kamar mai tayin rago. Sannan ya yi masa alama ya biyo shi. Sunansa Liyau. Irmiya ya ƙara masa Baba. Turancin tsohon bai cika cokali ba, Larabcinsa kuma yalla ne da khalas da shwayya, wato mu je, da shi ke nan, da a hankali. Da waɗannan suka yi shekaru suna aiki.

Alƙaluma Baba Liyau yake yi wa riga. Irin masu shan tawada, masu bakin zinare, waɗanda ake ajiyewa cikin gilashi a manyan kantuna, wani ya kai kuɗin mota. Kantunan ne suke aiko masa da su, wani don gyara, wani don wani mai hali ya ce yana son nasa ja da baƙi da ɓawon ƙwai a jiki. Abin da ake shafa musu ba fenti ba ne. Ruwan jikin wata bishiya ne da ake tsagawa a duwatsun Caina. Yana zuwa a ƙananan gwangwanaye, launin kunun kanwa, da wari mai tsami, in iska ta taɓa shi sai ya yi duhu. Hausawan da suka san aikin Irmiya suna ce masa ƙaron Caina.

Baba ne yake shafawa, da burushi na gashin mutum. Aikin Irmiya gugewa. A shafa siriri, a jira ya bushe, a goge da gawayi da ruwa, a sake shafawa. Haka ake yi har wanda ya fara ƙirgawa ya gaji ya bari. A ƙarshe sai a ɗiga mai a tafin hannu, a barbaɗa toka mai laushi, a murza da fata tsirara har mutum ya ga fuskarsa a jikin alƙalamin. Irmiya ya ga tasa sau da yawa. Ba ta canza ba.

Abin da ya fi ba shi wuyar yarda shi ne bushewar. Fentin mota rana yake so da iska. Wannan kuwa danshi yake so. Esi, na'urar sanyaya ɗaki, yana tsotse laimar ɗakin, don haka akwai wani kabad na katako da ake shimfiɗa jiƙaƙƙun tsummoki a ƙasansa, a jera alƙaluma a sama, a rufe. Kullum da safe Irmiya yake jiƙa tsummokin. Yana yi domin an ce ya yi. A ransa kuwa bai taɓa yarda cewa ruwa yana busar da abu ba.

Su uku Baba ya ɗauka a watan, Irmiya da ɗan Nepal da ɗan Bangladesh. Kafin mako ya zagayo duk sun kumbura. Ɗanyen ƙaron dafi ne ga fatar da ba ta san shi ba. Ƙuraje suka feso wa Irmiya tun daga yatsu har wuya, suka yi bororo, suka fashe, idanunsa suka rufe har sai ya ɗaga fatar da yatsa kafin ya ga motar ma'aikata da ke mayar da su masaukinsu a Al Warsan. Baba ya daka ɗanyar ƙaguwa ya shafa musu. Ɗakin kwanan ya yi ƙarni, abokan kwana suka yi ƙorafi, ƙaiƙayin bai ragu ba. Biyun suka tafi. Irmiya bai tafi ba, domin bizarsa ta koma hannun Baba, kuma bai ga inda za shi ba.

Ya kumbura ya sace, ya sake kumbura ya sace. Wata rana ƙaron ya zubo masa a bayan hannu, ya goge da tsumma, ya jira. Ba abin da ya fito. Ya nuna wa Baba. Tsohon ya miƙo nasa hannun, baƙi ƙirin a gindin farce, ya ajiye kusa da na Irmiya, ya ce, "Khalas." Fatar ta daina ji. Kan yatsun ma suka yi kanta saboda gawayi, har yakan ɗauki kofin shayi mai tururi bai san da zafi ba.

A shagon shayin ne ya haɗu da Alhaji Sabo, Bakano mai haɗa kago, wato aika kayan 'yan kasuwa gida, wanda sitonsa yake layin gaba. Sabo ya ji shi yana waya da Hausa, ya taso da fara'arsa ya ba shi hannu, ya riƙe ya daɗe yana tambayar gida. Bayan kwana biyu ya dawo da hannu naɗe a bandeji.

"Kai Bazazzagi, me na yi maka? Daga gaisuwa?"

"Ban wanke hannu da kyau ba ne, Alhaji."

"Tuwo da cokali nake ci, kamar Bature. Dama an ce hannun Bazazzagi ba ya fita a banza, ni na ɗauka aljihu ake nufi."

"Ku Kanawa fatarku ce ta 'yan kasuwa. Ba ta san aiki ba."

Tun daga ranar Sabo bai ƙara ba shi hannu ba. In sun haɗu sai ya dafe ƙirji daga nesa, ya ce, "Tsaya nan, mai dafi." Amma kullum shi yake biyan shayin. Irmiya ma ya koyi ajiye hannunsa. Ran Jumma'a, ranar hutun can, a coci, in aka ce a gaisa da juna, sai ya sunkuyar da kai kawai.

Hutunsa na farko ya zo ƙarshen 2011. Hefziba ta kusa shekara bakwai. Kowa yana sayen tsaraba a kasuwar 'yan Caina, 'yar tsana da takalmi mai wuta. Irmiya ya so ya kai mata abin da hannunsa ya yi. Ya sami zoben katako, ya riƙa shafa masa ragowar jan ƙaro bayan an tashi aiki, har ya zama awarwaro. Tafiya ta matso, shafin ƙarshe yana kabad bai gama ba. Sai ya yi abin da mai fentin mota zai yi. Ya fitar da shi, ya ɗora a kan rufin kwano ya sha rana. Da yamma ya taɓa, ya ji shi garau. Ya riƙe shi a hannu, ya goga a wuya, ya kwana da shi a aljihu. Bai ji komai ba. Bai tuna cewa shi ba ya ji ba.

Da hannunsa ya saka mata. Ta zaga gidajen maƙwabta tana nunawa, ta kwana da shi, ta yi gumi a cikinsa. Rana ta uku hannun ya kumbura har awarwaron ya nutse a nama. Ta sosa, ta taɓa fuska, fuskar ma ta tashi. Da filaya ya karya shi, tana ihu, Rosaline ta danne ta. A asibiti likita ya tambayi abin da ta taɓa, Irmiya ya faɗa, likitan ya rubuta bai ɗago ba. Matan unguwa suka ce sammu ne aka biyo shi da shi daga waje. Rosaline ta san ba sammu ba ne. Ta ce masa abu ɗaya, a bakin gadon asibiti, ba ta ɗaga murya ba.

"Baban Hefziba, kai ka san abin nan yana yin haka?"

"Na sani. Na ɗauka ya bushe."

"To."

Yarinyar ta warke, sai tabo da ya zagaye wuyan hannunta na hagu. Sauran hutun, in ya miƙo mata ko biskit ne, sai ta mayar da hannuwa baya ta ce, "Ka ajiye a tebur." Ya riƙa ajiyewa a tebur. Ranar komawarsa ta yi masa sai an jima daga bayan labule.

Da ya dawo ya kwatanta wa Baba Liyau abin da ya faru, da hannu da ɗan Turanci. Tsohon ya saurara har ƙarshe. Ya tashi ya buɗe kabad, ya ɗauko wani alƙalami, ya ƙwanƙwasa bayansa da farce, ya nuna wa Irmiya cewa nan ya mutu. Ya nuna can ciki, ya yi alamar abu mai motsi. Ya mayar, ya rufe, ya ce, "Shwayya." Bai yi masa faɗa ba, bai kuma ba shi haƙuri ba. Suka koma aiki.

Shekarun da suka biyo baya ba su da labari. Motar ma'aikata da asuba, tsummoki, gawayi, shayi, mota da yamma. Ran Lahadi yakan kira gida. Rosaline takan ba Hefziba wayar, ta ce, "Ina wuni, Baba," ya ce, "Lafiya, ya makaranta," ta ce, "Lafiya," shi ke nan sai ya ji muryar uwar. Hutu ya sake zuwa, ya ce wa Baba aiki ya yi yawa, bai je ba. Tsarabar da yake aikawa ta hannun Sabo duk ta kanti ce, a cikin ledarta, bai taɓa ba. Rosaline ta ce ya yi wa yarinyar magana, ya ba ta haƙuri, ai ta girma za ta gane. Ya gwada shirya maganar a mota. Bai ga abin da magana za ta yi wa tabo ba.

Wata rana wani kanti ya dawo da gangar jikin alƙalami saboda ɗan lanƙwasa da ido ba ya gani. Baba ya jefa ta a kwandon shara. Irmiya ya ciro, ya tsaya da ita a hannu. Tsohon ya dube shi, ya buɗe durowa, ya ɗauko baki na ƙarfe, ba na zinare ba, ya ajiye masa a tebur. Washegari ya ba shi tsohon burushinsa.

Baƙi ya yi shi, ba ja ba. Shafi, kabad, gawayi, shafi. Bai yi sauri ba ko sau ɗaya. Tsummokin kabad kuwa ya riƙa jiƙa su kamar mai ban ruwan shuka. Da ya gama murzawa, sai ya mayar da alƙalamin can ƙuryar kabad ya bar shi. Zafi ya wuce, sanyi ya wuce, zafi ya dawo. Baba ya ciro shi, ya hura masa numfashi, ya shinshina, ya ce, "Khalas." Irmiya ya karɓa ya mayar. Bayan wasu watanni Baba ya sake cewa khalas, har da buga tebur. Irmiya ya yarda da tsohon a kan komai na aikin nan. Amma fatar Baba ta mutu tun kafin a haifi Irmiya. Su biyun ba wanda zai iya sani. Sai an sami fata mai rai.

Ya sami Sabo a sitonsa, cikin zafin watan Agusta na 2015, yana tsaye a bakin kwantena ana loda katan-katan na atamfa da turare. Ya jira har aka rufe. Ya buɗe ƙyalle ya nuna masa.

"Ma sha Allah. Na wane Balaraben ne?"

"Na Hefziba ne. Za ta shiga sakandare."

"Yaran yanzu da biro suke rubutu, Irmiya. In ya ɓata a sayi wani."

"Na sani."

"To me ya kawo shi wurina? In kai mata?"

"A'a. So nake ka ɗaura shi a jikinka."

Sabo ya ja da baya har ya bugi ƙofar kwantena. Ya san labarin awarwaron, shi ya kai maganin shafawa Kaduna a lokacin.

"Duk Dubai ba ka ga fatar da za ka ara ba sai tawa?"

"Taka ce ta fi saurin faɗar gaskiya."

"Ka ji Bazazzagi. Yau kuma yabo ne. Da cewa ka yi ta 'yan kasuwa ce."

 Irmiya ya fara naɗe ƙyallen.

"In na kumbura fa?"

"Sai in jefar da shi."

"Ni kuma a jefar da ni ina?" Sabo ya goge gumi da hularsa, ya dubi alƙalamin, ya daɗe. "Har yanzu a tebur kake ajiye mata?"

"Ban koma ba tun lokacin."

Sabo ya ja tsaki, ya naɗe hannun rigarsa har kafaɗa. "Sama da gwiwar hannu za ka ɗaura, kada ka ɓata mini alwala. Ta ciki, inda ya fi laushi, tunda abin mugunta ne. Yalla, kafin in dawo hankalina."

Irmiya ya manna shi da filasta, ya zagaye da bandeji. Wannan ne karo na farko da ya taɓa Sabo tun ranar gaisuwar.

Sabo ya yi yawo da alƙalamin a damtse, daga Ras Al Khor zuwa Deira, daga Deira zuwa ɗakinsa a Karama, cikin gumin da ke jiƙa riga kafin mutum ya tsallaka titi. Kullum a shagon shayi sai ya yi ƙorafi. Ya ce yana jin ƙaiƙayi, Irmiya ya ajiye kofi, sai ya ce a'a, a ƙafa ne, sauro ne. Ya ce wani kwastoma ya tambaye shi ko laya ce, ya ce masa e, ta maganin Zagezagi. Irmiya bai yi dariya ba. Yana zaune yana kallon bandejin. Ba tsoro yake ji ba, ba kuma fata yake yi ba. Jira kawai yake, yadda ya saba jiran kabad.

Da mako ya cika ya ce a kwance. Sabo ya ce a bari a ƙara, ai na yarinyar sai rana ta uku ya nuna, wa ya sani ko wannan mai nawa ne. Suka ƙara. Ranar da aka kwance, a bayan sito, fatar ta yi fari ta yamutse saboda filasta, ga shatin alƙalamin kwance a nama. Ba ƙurji ko ɗaya. Irmiya ya duba, ya sake dubawa a rana. Sabo ya saki hannun riga, sannan ya miƙo masa hannu. Irmiya ya dubi hannun.

"Ka wanke dai?"

"Na wanke."

Suka gaisa. Sabo ya je famfo ya wanke nasa da sabulu duk da haka.

Irmiya ya isa Sabon Tasha ana saura kwanaki Kirsimeti. Hefziba ta yi tsawo, ta kusa kafaɗar uwarta. Ta durƙusa ta gaishe shi daga bakin ƙofa. Da yamma ya nuna wa Rosaline alƙalamin, ya faɗa mata daɗewar da ya yi a kabad, da abin da Sabo ya yi. Ta saurara. Ta karɓa da gefen zaninta.

"Fatar Alhaji ba fatar gidan nan ba ce."

Ta yage tsohon ɗankwali ta ɗaura shi a nata damtsen. Da shi ta yi dakan Kirsimeti, da shi ta je coci, da shi ta soya nama a bakin murhu. Irmiya ya ƙyale ta. Da shi ne ita, haka zai yi. Hefziba tana ganin ƙullin a hannun uwarta kullum, ba ta tambaya ba, ba a kuma gaya mata ba, amma gidan ɗaki biyu ne.

Da sabuwar shekara ta matso, wata safiya Rosaline ta kira su duka biyu tsakar gida. Ta kwance ƙullin, ta ɗaga hannu ta nuna wa yarinyar wurin. Ta goge alƙalamin, ta miƙa wa Irmiya.

"Kai za ka ba ta."

Ya miƙa. Hefziba ta mayar da hannuwa baya.

"Ka ajiye a tebur."

Babu tebur a tsakar gida, akwai turmi a kife. Ya dubi turmin. Bai ajiye ba. Ya bar hannun a miƙe. Hannu ne da ya saba tsayawa wuri ɗaya. Rosaline ta koma bakin murhu ta juya musu baya. Kaza ta ratsa tsakaninsu ta wuce.

"Ya bushe?" in ji yarinyar.

"Ya bushe."

"Har ciki?"

"Har ciki."

Ta fito da hannun dama, na hagun yana baya. Ta kama alƙalamin ta tsakiya, yatsunta suka sauka a kan nasa kafin ta zare. Ya ga sun taɓa shi. Gani ya yi, kantar ba ta bar shi ya ji ba.

Ta juya shi, ta ga fuskarta a jiki, ta buɗe murfin, ta ja bakin a bayan wani tsohon kwali. Bai rubuta komai ba. Ta sake ja.

"Baba, ina tawadar?"

Shekara shida yana murza alƙaluma, bai taɓa rubutu da ko ɗaya ba. Babu komai a cikinsu suke zuwa, babu komai suke tafiya. Tawada ba ta taɓa faɗo masa a rai ba.

Ya shiga ɗaki ya sako takalmi. Rosaline ta ce shagunan unguwa ba za su sami irin wannan ba, sai dai cikin gari, ko can ma sai an dace. Ya ce to. Ya fita bakin titi ya tsaya jiran mota.